Muttaka na Abare a Layin 'Yan Ƙodago

An haifi Muttaka a Abare, cikin ƙasar Anka, a daminar 2006, shekarar da mahaifinsa ya fara raba lokacinsa tsakanin gona da ramin zinariya. Yana da shekara huɗu annobar gubar dalma ta faɗa wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A lokacin maza kan kawo dutsen zinariya gida cikin buhu, mata su daka shi a turmi, a shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ba wanda ya san akwai dalma a cikin dutsen. Yara suka fara amai, sai sanƙarewa da jijjiga, sai mutuwa. Ƙanwar Muttaka, Mardiyya, ta rasu cikin mako guda. Shi kuwa ya yi jijjiga sau biyu, ya tashi.

Likitocin agaji suka kwantar da shi tare da mahaifiyarsa Balaraba a Anka. Maganin da ke fitar da dalma daga jini ƙwaya ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma yara da yawa kan tofar da ita. Balaraba, wadda ta binne ɗiya ɗaya a watan, ba ta yarda a yi wasa da wannan ba. Ta zaunar da yaron a cinyarta ta koya masa magana guda, tana maimaita ta safe da yamma har tsawon watanni: in an miƙo maka magani, haɗiye, kada ka ƙi, kada ka tambaya. Muttaka ya koya. Har ma'aikatan ɗakin kan nuna shi ga sauran iyaye a matsayin yaron da ba ya ba da wahala.

Gubar ta bar masa rauni a fahimta, amma ba mai tsanani ba. Ba taɓin hankali ba ne, kuma wanda ya gan shi a hanya ba zai lura da komai ba. Ya yi shekara uku a aji biyu na firamare kafin a haƙura. Ya haddace Fatiha da gajerun surori, yana gane sunansa a rubuce, yana ƙirga har ashirin in ba a katse shi ba. In aka aike shi abu ɗaya zai kawo shi daidai. In aka aike shi biyu, ɗaya zai kawo, ya tsaya yana tunanin ɗayan. Abin da ya shiga kansa yakan daɗe kafin ya shiga, amma in ya shiga ba ya fita, kuma ba ya sauya kama. A Abare kowa ya san haka, domin kusan kowane gida akwai irinsa ko kabarin irinsa. Mai shago kan faɗa masa magana sau biyu ba tare da gajiya ba, tsofaffi kan kore yaran da suka fara yi masa dariya.

Rami ya rufta da mahaifinsa a 2017. Bayan shekara huɗu, da hare-haren 'yan bindiga suka hana noma a gonakin nesa, Balaraba ta kwaso ɗanta suka komo Anka, gidan wanta Abdulƙadir, wanda tela ne a bakin kasuwa. A Anka ba kowa ne ya san tarihin yaron ba. Abin da aka gani shi ne saurayi ƙaƙƙarfa mai faɗin kafaɗa wanda ke amsa kowace magana da “to”, ya kuma yi dariya bayan kowa ya gama. Samarin unguwa suka sa masa suna Malam To.

Kawu Abdulƙadir ya yi ƙoƙarinsa. Wata uku yana koya masa ɗinki. Muttaka ya iya taka keke, ya iya bin layi miƙaƙƙe, amma awo da tef ya gagare shi, kuma ranar da ya yanke shaddar wani mutum gajeriya aka sallame shi cikin lalama. Daga nan ya koma zaman zaure. Shekara biyu ya yi yana zaune a bakin ƙofa daga hantsi zuwa la'asar, yana kallon tsaransa suna wucewa, wasu da babur, wasu da fartanya a kafaɗa.

Masu fartanyar 'yan ƙodago ne, su goma, ƙarƙashin wani mutum mai suna Dodo, wanda shekarunsa ba su wuce talatin ba. Aikinsu yana da tsari. Gonakin da ake iya zuwa su ne na kusa da gari, kuma ko su ɗin ba a son la'asar ta sami mutum a cikinsu. Gona ake ba su a dunƙule, ba yini ba, saboda haka sauri shi ne komai. Sukan jeru a bakin gona, kowa da kunyarsa, su tafi tare kamar sahu. Wanda ya fara kaiwa ƙarshe ya miƙe ya huta. Wanda ya zo na baya ya sha ba'a har a tashi. Kafin a sunkuya kuma akwai shayin layi. Filas guda ne, an fasa ƙwayoyin taramol an zazzage a ciki, kofi guda yana zagayawa daga hannu zuwa hannu. Wanda ya sha ya zama ɗan layi. Bayan wannan kowa yana da tasa ƙwayar a aljihu.

A farkon daminar 2023 mutum ɗaya daga cikinsu ya kwanta ciwo, ga gonar gero tana jiran noman farko. Dodo ya tsaya a ƙofar gidan tela ya dubi kafaɗun da ke zaune a zaure.

“Malam To, ka iya noma, ko zaman ga shi na sana'arka?”

“Na iya. A Abare ni ka noma gonar Inna.”

“To tashi, mu ga na Abare.”

A bakin gona kofi ya zo kansa. Wani saurayi mai suna Salim, wanda ya fi kowa surutu a layin, ya miƙa masa haɗe da ƙwaya ɗaya a tafin hannu.

“Ungo, ango. Magani.”

“Maganin mi?”

“Maganin gajiya. Ko kai ba ka gajiya, jikan inji?”

Aka yi dariya. Muttaka ya ce “to”, ya haɗiye.

A ranar shi ya fara kaiwa ƙarshen kunya, ba sau ɗaya ba. A karo na uku mutanen layin suka ɗaga fartanyu sama suna ihu, Salim yana kiran “Injin Abare”. Da ya dawo gida ya ba mahaifiyarsa labarin sau uku kafin ya wanke ƙafa. Yana da shekara goma sha bakwai, kuma wannan ne karo na farko da ya riga wani a wani abu. Balaraba ta yi kuka don murna, ta aika wa Dodo da fura.

Ya kamata a lura da wani abu a nan, domin mutane da yawa sun yi masa hukunci daga baya ba tare da sun sani ba. Muttaka ba mutum ne marar kiyaye doka ba. Wata rana wani daga cikin layin ya fito da ogogoro a ƙulle cikin leda, abin da ake sha a ɓoye tunda an hana giya a jihar, ya miƙa masa. Muttaka ya ja da baya ya ce haram ce, kuma duk tsokanar da aka yi masa bai taɓa ta ba. An koya masa cewa giya haram ce, ya riƙe. An koya masa cewa magani ba a ƙin sa, ya riƙe. Abin da ba zai iya yi da kansa ba shi ne ya gane cewa wata ƙwayar ta fi kusa da giya fiye da magani. Wannan sai an faɗa masa, kuma ba wanda ya faɗa.

Sauran 'yan layin sun san lambobin da ke jikin fakiti, sun san wadda ta fi ƙarfi, kowa ya san iyakar da jikinsa ke ɗauka, ko da yake su ma sukan wuce ta. Muttaka bai san lamba ba. Duk wanda ya miƙo masa sai ya karɓa, ko da mutum uku ne suka miƙo a safiya ɗaya. Wasu suna ba shi don ƙauna, domin ƙarfinsa yana rage wa kowa aiki. Wasu kuma don su ga iya abin da inji zai ɗauka. Da rani ya shigo aikin gona ya ƙare, sai ya tarar in bai sha ba jikinsa na ciwo, yana gumi, yana hamma, hanci na zuba. Ya fassara abin yadda ya iya: ba shi da lafiya, kuma ya san maganin. Ya fara saye da kansa a wurin masu tallar magani a faranti.

A watan Yuli na 2024, da la'asar, bayan ya dawo daga gona, yana tsaye a tsakar gida da buta a hannu, sai ya yanke jiki ya faɗi. Jikinsa ya sanƙare, idanu suka juye, kumfa ta fito a baki. Balaraba ta ga abin da ta gani shekara goma sha huɗu da suka wuce, a kan ɗiyarta da kuma a kan wannan ɗan. Ba ta yi shakka ko ta daƙiƙa ɗaya ba.

“Dalma ta! Wayyo Allah, dalma ta biyo mu!”

Matan Abare da ke gudun hijira a unguwar suka taru, kuma babu wadda ta ga wani abu dabam. A wurinsu jijjiga suna ɗaya gare ta. Nan take aka tuna cewa wani ɗan haya a gidan da ke manne da nasu yana ajiye buhunan dutse a ɗakinsa. Kawu Abdulƙadir ya tayar da rigima har sai da mutumin ya kwashe kayansa ya bar unguwar. Sannan suka yi abin da suka ga an yi a Abare a 2010: suka kankare ƙasar saman tsakar gida, suka fitar da ita bayan gari, suka zubo sabon yashi. Aka yar da tsohon turmi, aka wanke tabarmi da tukwane. Yawancin ƙasar Muttaka ne ya ɗauke ta a ka, kwana biyu bayan faɗuwarsa, kuma kafin ya fara sai da ya haɗiyi ƙwaya biyu don aikin ya yi sauri. Dodo ya zo gaisuwa, ya zauna a zaure, ya yi addu'a, bai ce komai game da filas ba. Da aka tambaye shi daga baya ya ce tsoro ne rabi, rabi kuma shi ma ya so a ce dalmar ce.

Bayan mako uku ya sake faɗuwa, wannan karon a tsakiyar gona, goshinsa ya sami bakin fartanya. Aka ɗauko shi a babur, jini ya jiƙa rigarsa. A asibiti Balaraba ta roƙi a ba shi maganin nan mai wari. Wadda ta karɓe su ita ce Sista Evelyn, nas ce 'yar Filato wadda ta zo Anka tana budurwa a shekarar annobar, ta yi aiki a ɗakin yaran, ta kuma zauna tun daga lokacin. Ta ɗinke goshin, ta sa aka auna jini. Da sakamako ya fito, dalmar da ke jikinsa ba ta kai ta kayar da babban mutum ba. Ta ce wa Balaraba ta zauna, ta kuma roƙe ta kada ta amsa masa ko tambaya ɗaya.

“Muttaka, me kake sha da safe?”

“Kunu.”

“Sai me?”

“Sai shayin layi.”

“Sai me kuma?”

“Sai magani.”

Ya sa hannu a aljihu ya fito da fakiti uku, ya jera su a kan tebur da kyau, kamar mai nuna kayan aikinsa.

“Guda nawa a rana?”

“Na Dodo, da na Salim, da nawa. In rana ta yi tsaka, a ƙara.”

Balaraba ta kasa riƙe bakinta. “Muttaka, don mi ba ka gaya min ba?”

“Ba ki tambaye ni ba, Inna. Kuma ke kinka ce kar in ƙi magani.”

Sista Evelyn ta dubi fakitocin da ke kan tebur. Sannan ta tambaye shi abin da yake ji in ya sha. Ta zaci zai ce ƙarfi. Abin da ya ce shi ne in ya sha, magana ba ta tsere masa. In ana hira yana iya sa baki, kuma yana yin dariya tare da mutane, ba bayansu ba.

Shawarar da ta bayar kashi uku ce. Kada a yanke masa ƙwayar a rana ɗaya. A riƙa ragewa sannu a hankali, a hannun mahaifiyarsa. A ba shi sabuwar doka, gajeriya, a maimaita ta yadda aka maimaita ta farko: magani sai daga hannun Inna ko na Sista. Na ukun kuma ta nanata shi fiye da sauran: kada a raba shi da aiki da mutane, domin zaman zaure ne ya kai shi ga kofin nan tun farko. Wurin da ake kula da irin wannan matsala da kyau yana nesa, hanyar kuma ba ta da tabbas, saboda haka abin da za a yi sai dai a yi shi a gida.

Kawu Abdulƙadir ya ji kashi biyu na farko, na ukun bai shiga kunnensa ba. Mutum ne da ya kori maƙwabci a kan kuskure, ya kankare gidansa a banza, kuma yana neman inda zai sauke abin da ke cinsa. Washegari da sassafe ya je gindin dalbejiyar da 'yan ƙodago ke taruwa, ya tsaya a gaban jama'a ya kira Dodo macuci, ya ce maraya anka ba shi amana ya shayar da shi guba, ya rantse cewa in yaron ya sake faɗuwa sai ya kai ƙara wurin hukuma. Dodo ya ɗauki filas ɗinsa, layin ya bi shi.

Da ɗinkin goshin ya warke Muttaka ya saɓa fartanya ya tafi gindin dalbejiya.

“Yau mun cika, Inji. Sai gobe,” in ji Dodo, bai dube shi ba.

“To.”

Washegari ma haka. Safiya goma sha ɗaya yana zuwa, ana ce masa gobe, yana cewa to, yana komawa. A ta goma sha biyu Salim ya gaji.

“Kai, ba ka ganewa? Ba gobe, ba jibi. Kawunka ya ce shina kai mu gidan yari. Je ka ya koya ma ɗinki.”

Balaraba ta yafa mayafi ta tafi gidan Dodo da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce ba ta zo da faɗa ba. Roƙonta ɗaya ne: a mayar da shi layi, in kofi ya zo kansa a tsallake shi.

“Inna, wallahi ina son yaron ga,” in ji Dodo. “Amma kofin layi ba a tsallake mutum. In anka tsallake shi, shi da kanshi za ya miƙo hannu, ni kuwa ba ni da zuciyar hana shi a gaban mutane. In bai sha ba kuma, mu tara mun sha, ina za ya kamo mu? Su mai da shi abin dariya, gara ma zaure. In ya sha ya faɗi cikin gonar wani bai tashi ba, ni za a kama. Ki yi haƙuri.”

Ta ce to su bar sha gaba ɗaya mana. Dodo ya yi murmushi irin na wanda ba ya son ya yi wa babba rashin ladabi, ya rako ta bakin ƙofa.

Muttaka ya riƙe sabuwar dokar. Cikin wata biyu aka sauke shi daga ƙwayar, da wahala, da gumi, da rashin cin abinci, bai kuma sake faɗuwa ba. Ya koma wurinsa na bakin ƙofa. Aka yi maimai, aka yi girbi, layin yana wucewa ta gabansa safe da yamma. Wasu kan ɗaga masa hannu, wasu kan dubi gefe. Ya rage magana har ya zama sai an tambaye shi sau biyu yake amsawa. Balaraba ta saya masa akuya ya riƙa kiwo. Yana ba ta dusa a kan lokaci, amma akuya ba ta kiran sunan mutum a ƙarshen kunya.

Bayan kaka wani mutum ya zo tashar mota yana neman majiya ƙarfi da za su yi dako a ramukan zinariya ta wajen Bukkuyum. Bai tambayi tarihin kowa ba, kafaɗa kawai yake dubawa. Da safe Balaraba ta ga ɗanta yana ƙulle riguna biyu a leda. Wannan karon ta tambaya, ya kuma gaya mata gaskiya. Ta tuna masa cewa rami ne ya ci ubansa, dutsen nan ne ya ci ƙanwarsa. Ya ce ya sani. Ta ce can ma za a miƙo masa ƙwaya.

“In ce musu sai daga hannun Inna.”

“In sun yi ma dariya fa?”

Ya daɗe yana tunani. “Can an ce ana son mai ƙarfi, Inna. Nan ba a so.”

Shekararsa goma sha takwas, ya fi kawunsa tsawo da faɗi, ba mai iya ɗaure shi. Abin da Balaraba ta iya yi shi ne ta roƙi mai motar ya jira, ta ruga wurin Sista Evelyn, aka rubuta takarda da Hausa da Turanci cewa mai ɗauke da ita yana jijjiga, kada a ba shi taramol ko wani abin maye. Ta naɗe ta a leda ta sa masa a aljihun gaba.

Labarin ƙarshe da ya iso Anka ya zo ne bayan wata huɗu, ta bakin wani mutumin Gummi mai kai albasa da garin kwaki wuraren haƙa. Ya ce ya gan shi yana ɗaukar buhu daga bakin rami zuwa wurin injin niƙa dutse, fuskarsa fari fat da ƙurar dutse. Ya rame, amma yana cikin mutane, a kwano ɗaya yake ci da su, yana hira. Takardar tana nan, yana nuna ta ga duk baƙon da ya zo, yana cewa takardar aikinsa ce; mai albasar bai ga wanda ya buɗe ta ya karanta ba. Balaraba ta tambaye shi ko yana sha. Mutumin ya ce shi bai gani da idonsa ba, amma bai san mai yin dako a wurin da ba ya sha ba. Ta tambaye shi ko ya faɗi.

“Ban gani ba, Inna, ban kuma ji ba. Amma kwana biyu kaɗai na yi.”